Kimiyya A Gareji: Wane Inji Za A Ɗora Wa Golf Ɗin Yankara?

Darasin yau wani ɗan'uwanku ne ya jawo mana shi, ɗalibi ɗan aji biyu na babbar sakandare daga Yankara, garin nan da ke kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau a ƙaramar hukumar Faskari. Ya roƙi kada a ambaci sunansa, don kada Yayansa ya ce ya kai ƙararsa jarida.

Ga abin da ke tafe da shi. Suna da tsohuwar Golf 2 ta mahaifinsu, mai injin 1.6, tana ajiye a ƙofar gida tun da injin ya buga da damina. Da kaka ta yi aka sayar da masara da waken suya, aka ware kuɗin tayar da ita, domin Yayan ya riƙa jigilar fasinja zuwa Funtuwa, a samu na cefane da na makaranta. To, sai Yayan ya ga bidiyo a waya, wasu samarin Turai sun ɗora wa irin wannan mota inji mai fistin shida tana tashi kamar za ta bar ƙasa, ya ce shi ma irinsa zai sayo. Baffansu kuma ya ce a gyara nata na asali a huta. Mako biyu ke nan ana ja-in-ja. Shi ne ɗalibin ya ce, Malam, wa ya fi gaskiya?

Ɗana, ba zan raba gardamar gidanku da ka ba. Zo mu raba ta da lissafi da fiziks ɗin da kuke yi a aji. Sauran ɗalibai ku ɗauko biro da takarda, don akwai aiki.

Daga ina wannan sha'awa ta fito?

Abin da Yayanka ya gani ya girmi Babanku. A shekarun 1930, samarin kudancin Kalifoniya a Amurka sukan sayi tsofaffin motocin Ford masu araha, su cire duk abin da ke ƙara nauyi, su ɗora inji mai ƙarfi, su tafi busassun tafkunan hamada su yi tsere. Irin waɗannan motoci ake kira hot rod. Ford Model T ƙarfin doki 20 gare ta. A 1932 kamfanin ya fito da inji mai fistin takwas, mai ƙarfin doki 65, sai kowane saurayi ya ƙwallafa rai a kansa. Da tseren ya fara shigowa titunan gari ana asarar rayuka, sai wani mai suna Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951, domin a mayar da tseren filin da aka keɓe, inda ake duba birki da lafiyar mota kafin a bar mutum ya taka totur. Ku lura da wannan: su kansu masu abin, da suka ga jini, birki suka fara dubawa.

Mu ma nan sauya inji ba baƙon abu ba ne. Akasarin Golf ɗin da kuke gani a tashoshin Funtuwa, Ƙanƙara da Sabuwa sun sha inji fiye da ɗaya. Ana shigo da injunan da aka cire wa motoci a Turai, waɗanda muke kira Beljiyam, a sayar a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Ladipo a Legas. Bambancinmu da su shi ne, su wasa suke yi da rarar kuɗi, mu kuwa abinci muke nema da kuɗin noman shekara guda.

Mene ne 1.6, mene ne 1.8?

Kafin mu auna, mu san abin da muke aunawa. A cikin inji akwai ramuka masu siffar gwangwani, fistin yana hawa da sauka a cikin kowanne. Lambar da kuke ji, 1.6 ko 1.8, ita ce jimillar faɗin cikin da fistin-fistin ɗin suke sharewa, a ma'aunin lita. Lissafin shi ne dai na cikin silinda da kuka yi a ƙaramar sakandare: 3.142 sau rabin faɗi sau rabin faɗi sau tsawo.

Mu gwada da injin 1.8 na Volkswagen. Faɗin ramin santimita 8.1 ne, rabinsa 4.05. Tafiyar fistin daga sama zuwa ƙasa santimita 8.64. Idan kuka buga za ku samu kimanin 445 a rami ɗaya. Ramuka huɗu ne, sai ya ba ku 1,781. Shi ne ake taƙaitawa a ce 1.8. Girman wannan ciki shi ne yawan iska da man da inji ke iya haɗiya a zagaye guda. Mai babban ciki ya fi ƙarfi, ya kuma fi ci.

Shi kuwa ƙarfin doki, tun zamanin James Watt, injiniyan nan na Sukotilan, ake amfani da shi. Doki ɗaya bai kai wat 750 ba, amma ya yi kusa. Ke nan inji mai doki 75 ya haura wat 55,000. Ku kwatanta da ƙwan fitilar ɗakinku.

Zaɓi na farko: a gyara nata

Wannan shi ne ra'ayin Baffa. Golf 2, wadda aka ƙera daga 1983 zuwa 1992, injinta na 1.6 mai kafireto yana ba da doki 75 ko ƙasa da haka kaɗan. Gyara yana nufin a sauke shi, a kwance, a sa sabon ringi da metal da gasket, a kai kurankishaf wajen masu injin gogewa idan ya ci. Amfaninsa shi ne babu abin da za a taɓa a jikin motar, kuma lambar injin ba ta sauya ba, takardu suna nan daram.

Sai dai gyara ya danganta da irin bugun da injin ya yi. Idan ringi ne ya mutu ko gasket ta ƙone, gyara ya fi sauƙi. Idan kuwa sandar fistin ta tsinke ta fasa gangar injin, to magana ta ƙare, sai dai a sayar wa 'yan gwangwan. Don haka kafin Baffa da Yaya su ƙara cewa uffan, a fara biyan bakanike ya buɗe injin kowa ya gani da idonsa. Gardama a kan abin da ba a buɗe ba ɓata yawu ne.

Zaɓi na biyu: 1.8 ɗan gida ɗaya

Injin 1.8 na Golf 2 ko Jetta ta zamaninta, mai doki 90, uwa ɗaya uba ɗaya suke da 1.6. Faɗin raminsu ma ɗaya ne, tafiyar fistin ce kawai ta bambanta. Yana zama a kan kujerun inji na asali, yana haɗuwa da akwatin giyar da ke jikin motar, salansa da lagireto duk suna karɓarsa. Idan aka samu mai kafireto, aikin wayarin kaɗan ne. Ƙarin doki 15 kuma ba abin rainawa ba ne ga motar da za ta hau tudu da mutum biyar.

Gargaɗi ɗaya ga masu Golf mai injin 1.3: shi ɗan wani ɗaki ne, akwatin giyarsa daban. Wanda zai tashi daga 1.3 zuwa 1.8 sai ya sayi inji da giya tare.

Zaɓi na uku: 2.0 na Golf 3

Wannan doki 115 gare shi. Yana haɗuwa da giyar Golf 2, amma ya ɗan fi tsayi, don haka bututun salansa sai an taɓa shi. Babban aikin shi ne ba ya amfani da kafireto, injekta gare shi. Injekta tana buƙatar famfon mai na lantarki mai matsi sosai, da ƙwaƙwalwar mota, wato ƙaramar kwamfutar da ke auna mai da iska, da damin wayoyinta gaba ɗaya. Waɗanda aka ƙera a ƙarshen zamanin Golf 3 ma suna da na'urar hana sata, wadda idan makulli bai dace da ƙwaƙwalwar ba, injin zai tashi ya mutu nan take. Wanda ya sayo injin tsurarsa ya baro wayoyin a kasuwa, ya sayo rabin kaya.

Na san wasu makanikai sukan cire injektar su ɗora kafireto don a huta. Motar za ta tashi, amma an zubar da wani ɓangare na ƙarfin da aka biya kuɗi dominsa, kuma sau da yawa shan mai yakan ƙaru.

Zaɓi na huɗu: mai fistin shida

Ga abin da ya tsone wa Yaya ido. Sunansa VR6, lita 2.8, doki 174. Injiniyoyin Volkswagen sun yi dabara a kansa: sun jera fistin shida a layi biyu masu kusanci, kusurwar da ke tsakaninsu digiri 15 kacal, har murfi ɗaya ya rufe su duka, domin ya shiga ƙaramar mota. Gaskiya ne ana ɗora shi a Golf 2. Abin da bidiyon minti ɗaya ba ya nunawa shi ne jerin kayan da ke biyo shi.

Akwatin giyar Golf 2 ba ya haɗuwa da shi, sai an sayi nasa, da kulocinsa, da sandunan da ke kai juyi ga tayu. Ƙarfen da inji ke zama a kai sai an sauya ko an yi masa aiki. Ya fi nauyi, kuma nauyin duk a gaba yake, don haka shokazoba da sifirin sai masu ƙarfi, in ba haka ba motar ta riƙa dungure hanci, a kwana kuma ta ƙi bin sitiyari. Ga lagireto: a ƙiyasi, kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin man da inji ya ƙona ta ruwan lagireto yake fita. Injin da ya ninka ƙarfi ya ninka zafi. Ku tuna da ranar watan Afrilu a ƙasar Katsina, sannan ku tuna lagireton da aka auna wa doki 75.

Sai shan mai. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashi ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. Fasinjan Yankara ba zai ƙara ko kwabo ba don motarka tana da fistin shida. Kuɗin mota ɗaya ne da na mai 1.6 da ke bayanka a layi.

Wani zai ce, to me zai hana a ɗauko injin wata mota daban, kamar Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna tun shekarun 1970, wadda kowane bakanike ya san cikinta? Amsa ita ce kwanciyarsu ba ɗaya ba ce. Injin 504 a miƙe yake daga gaba zuwa baya, yana tura tayun baya. Na Golf a gicciye yake, yana jan tayun gaba. Haɗa su sai yanka da walda, kuma mota mai ɗaukar rayuka ba wurin gwajin walda ba ce. Shi kuma injin dizal, wanda muke kira gas, yana da tsimin mai da ƙarfin jan kaya, amma yana son giya mai dacewa da shi, da batir mai ƙarfi, da mai gyaran famfo da nozul, wanda ba a kowane gari ake samu ba.

Doki nawa, kilo nawa?

Yanzu mu yi lissafin da ya fi burge samari. A ɗauka motar ba kowa a ciki kilo 950 ce. Ku raba nauyin da yawan dawakin. Da inji mai doki 75, kowane doki yana jan kilo 12.7. Da mai 90, kilo 10.6. Da mai 115, kilo 8.3. Da VR6, ko da mun ƙara nauyin ya zama kilo 1,000, kowane doki kilo 5.7 kawai yake ja. Wato motar za ta zabura fiye da ninki biyu na yadda aka ƙera ta ta yi. A nan Yaya zai yi murmushi.

To, ga lissafin da ba a sa wa a bidiyo. Ƙarfin tafiyar abu shi ne rabin nauyinsa sau gudunsa sau gudunsa. Mu sa mutum biyar da buhun masara ɗaya da 'yan kaya, nauyi ya kai kilo 1,400. A gudun kilomita 80 cikin awa, wato mita 22 a daƙiƙa, ƙarfin tafiyar ya kai kimanin jul 345,000. A gudun 120, wato mita 33 a daƙiƙa, ya kai kimanin jul 778,000. Gudun ya ƙaru da rabi, amma ƙarfin ya ninka sau biyu da kwata. Nisan da mota za ta ci kafin ta tsaya shi ma haka yake ninkawa.

Ina wannan ƙarfi yake zuwa idan aka taka birki? Zafi yake komawa. Jul 315,000 ya isa ya kai lita ɗaya ta ruwa ga tafasa. Ke nan tsayawa ɗaya daga gudun 120 ta kusa tafasa lita biyu da rabi, kuma duk wannan zafi cikin 'yan daƙiƙoƙi yake sauka a kan faifan birki. Golf 2 mai 1.6 faifanta na gaba milimita 239 ne, na baya kuma ganga ce. Golf 3 mai VR6 kamfanin ya ba ta faifan gaba na milimita 280 mai ramukan shan iska, da faifai a baya, da taya mai noti biyar maimakon huɗu. Ba don ado suka yi ba. Birkin da ya yi zafi fiye da kima yakan saki, ka taka ka ji kamar ka taka soso.

Yanzu ku hango hanyar Yankara zuwa Sheme ranar kasuwa: tirela a gaba, babur ɗauke da mutum uku, shanu suna tsallakawa, ga rami. Dokar hanya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Inji mai doki 75 yana kai duk waɗannan. Sauran dawakin da Yaya zai saya, babu inda doka ta ba shi ya sake su.

Tambayar da ta fi duka

Akwai abin da mutumin Faskari ko Sabuwa ya sani wanda saurayin Jamus bai sani ba. A yankinmu, da halin tsaron da ake ciki, babu mai son mota ta mutu masa a daji bayan la'asar. Don haka tambayar farko ita ce: idan wannan inji ya tsaya, wa zai tayar da shi, kuma a ina za a samu kayansa? Injin 1.6 da 1.8 mai kafireto, bakanike na bakin tasha zai gano ciwonsa da kunne, filogi da bel da famfon mai kuma suna nan a shagunan Funtuwa. Idan ƙwaƙwalwar VR6 ta ƙone, mota za ta kwana makonni ana jiran saƙo daga Kano ko Legas, gida kuma ba shigar kuɗi.

Ga shawarata, ɗana, ka kai wa Baffa da Yaya cikin ladabi. A buɗe injin. Idan gangarsa lafiya take, Baffa ya yi gaskiya, a gyara. Idan ta fashe, a nemi 1.8 mai kafireto, Yaya ya samu ƙarin dokinsa 15 ba tare da an yanka ko ƙarfe ɗaya ba. Ko wanne aka zaɓa, a fara cire kuɗin birki da taya a ajiye gefe kafin a taya inji. Daidai ruwa, daidai tsaki.

In za a je sayen Beljiyam

Kada Yaya ya tafi shi kaɗai, ya tafi da bakaniken da zai ɗora injin. A buɗe murfin baƙin mai: idan aka ga abu fari-fari kamar kindirmo, ruwa ya haɗu da mai, a bar shi. A kwance filogi huɗun a jera su: wanda ya jiƙe da baƙin mai yana tona asirin raminsa. A juya injin da sifana a ji ko yana juyawa ba cijewa, kuma kowane rami yana da matsi. Bayan an ɗora a dubi hayaƙi: shuɗi-shuɗi yana nufin yana ƙona baƙin mai, fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa ruwa ne, baƙi kuma fetur ya yi yawa. A sa sabon bel na tayimin tun kafin a ɗora, domin babu wanda ya san shekarun na jikinsa. A rubuta kwanakin garanti da lambar injin a rasit. Lambar inji tana cikin takardun mota, don haka a je ofishin lasisi a gyara takardun, kada wata rana a tsayar da Yaya a shinge a ce injin sata ne. Sayen nagari, mayar da kuɗi gida.

Kai kuma, ka tuna lasisin tuƙi sai mai shekara 18. Kafin lokacin, wurinka gefen bakanike ne ranar da ba makaranta, kana miƙa sifana kana tambaya. Kada ka raina wannan sha'awa taka ko ta Yayanka. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, da zanen motoci a takarda ya fara, ya kai ga zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, a 2017 kuma aka naɗa shi shugaban hukumar ƙera motoci ta ƙasa. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna da cire wa ƙananan bas injin fetur yana mayar da su masu lantarki. Shi ma sauya inji ne, amma wanda aka yi wa lissafi kafin a taɓa noti.

Aikin gida

Na ɗaya: injin 1.6 faɗin raminsa santimita 8.1, tafiyar fistin 7.74, ramuka huɗu. Nawa ne cikinsa? Na biyu: VR6 faɗin raminsa 8.1, tafiyar fistin 9.03, ramuka shida. Nawa ne nasa? Na uku: idan mota tana tsayawa cikin mita 20 bayan an taka birki a gudun kilomita 60, mita nawa za ta ci a gudun 120? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku da ajinku. 'Yan mata, ban cire ku ba, lissafi bai san ɗankwali ko hula ba.

Ɗalibinmu na Yankara, ka sanar da mu abin da aka gani a cikin injin. Mako mai zuwa za mu duba abin da ya sa taya ke fashewa da zafin rana, da yadda ake karanta shekarar da aka ƙera ta a jikinta. Sai mun haɗu.